Kunnen Bakanike a Suame

Duk mai safarar albasa daga Nijar zuwa Kumasi ya san Suame Magazin, unguwar makanikai da ke bakin hanyar Techiman. Ko'ina gareji ne, sai ƙarar guduma da warin baƙin mai.

A can na ga bakanike yana juya injin babbar mota shi kaɗai, ba kowa a sitiyari. Ya sa giya a firi, ya ja birkin hannu, ya cusa weji gaba da bayan taya. Ya cire wayar da ke buɗe wa dizal hanya, don kada injin ya tashi. Sannan ya jona maɓalli mai doguwar waya a jikin sitata, ya danna kamar daƙiƙa 10, ya kasa kunne. In juyin ya tafi bai ɗaya, silindoji lafiya lau. In yana zabura a wuri guda, to ɗaya ta rasa matsi.

Na tambaye shi amfanin wejin. Ya ce, "Alhaji, sitata ba ta san kana gaban taya ba. In motar na cikin giya, kanka za ta bi."

'Yan uwa, in direbanku zai gwada haka a hanya, ku duba giyar da idonku tukuna.