Littafin Kiran Suna da Labarin Annoba

Mu 'yan makaranta mun ɗauki kiran sunan safe a matsayin tarkon kama makararru da masu tsallake katanga. To amma littafin nan da malamin aji ke riƙewa yakan san abin da babban likita ma bai kai ga ji ba. Yaro ɗaya ko biyu su yi fashi, ba abin magana ba ne. In kuwa cikin mako guda bakwai suka kwanta daga ɗakin kwana ɗaya, kowanne da zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, wannan labari ne da bai kamata ya kwana a harabar makaranta ba.

Ina zai dosa? Akwai hanya, ko da yake da yawanmu ba mu taɓa jin labarinta ba. A ƙananan hukumomin Najeriya akwai jami'in sa ido kan cututtuka, wanda asibitoci da ɗakunan shan magani ke kai wa rahoto. Wasu cututtukan ana tara lissafinsu ne a aika mako-mako, wasu kuwa ko mutum ɗaya aka zarga sai an sanar nan take. Daga wurinsa labari ya wuce ma'aikatar lafiya ta jiha, daga nan sai Abuja, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, wadda aka kafa a 2011, aka sa wa dokarta hannu a 2018.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda aka yi farautar cutar shan inna. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ana ɗaukar bahayarsa sau biyu, a sa cikin akwatin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri. Yawancinsu in an gwada sai a ga ba shan inna ba ce, kuma ba a ɗauki hakan a matsayin ɓata lokaci ba, domin ta haka ake gane cewa masu dubawa ba barci suke yi ba. Akwai ma wanda ya fi wannan: tun 2011 aka fara ɗibar ruwan kwata a Kano ana gwadawa. E, ruwan kwatar da muke toshe hanci in mun zo wucewa. Ƙwayar cutar na fita ne ta bahaya, har daga jikin yaran da ba su nuna wata alama ba, don haka kwata kan tona asirinta tun kafin wani yaro ya gurgunce.

Duk da haka ta taɓa ɓuya. Sai da ƙasar ta yi shekara biyu ba a ga shan inna ta asali ba, har an fara murna, sai ga ta a Borno a watan Agustan 2016. Gwaji ya nuna cewa ta daɗe tana yawo a yankunan da rikici ya hana ma'aikatan lafiya shiga. Ashe shirun da aka ji na rashin mai kawo labari ne. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita.

Labarin Ebola kuwa kusan kowa ya ji, ko ba komai iyayenmu na tuna daren wankan ruwan gishiri, jita-jitar da ta zagaye ƙasa kafin gari ya waye har ta yi kisa. Wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas ranar 20 ga Yulin 2014. Likita Ameyo Adadevoh ta zargi Ebola ce, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ita ma ta kamu, ta rasu. Aka bi sawun mutane kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, ana duba kowannensu har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, shi ke nan.

Ku kwatanta da sanƙarau na 2017. Ya faro daga Zamfara tun ƙarshen 2016, amma sai da aka kwashe makonni kafin labari ya isa inda za a ɗauki mataki. Kuma nau'in C ne, alhali riga-kafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya na nau'in A ne, abin da ido ba zai gane ba sai ɗakin gwaji. Kafin ya lafa, an zargi sama da mutum 14,000 sun kamu, fiye da 1,100 sun rasu, kuma yara ne suka fi yawa. Sa'o'inmu ne, wasu ma ƙannenmu.

Shi ya sa batun nan ya dame mu. Mu ne ke kwana mutum da yawa a ɗaki guda lokacin zafi, mu ne ke shan ruwa a kofi ɗaya. Kuma mun san abin da ke sa ɗalibi ya yi shiru: kada a ce masa rago, kada a tura shi gida ana gab da jarrabawa, ko kuma ya san in ya je ɗakin magani farasitamol kawai za a miƙa masa. Ba ma ganin adalci ne a ɗora wa ɗalibai laifin duka. Makarantar da ke mayar da marasa lafiya gida ɗaya bayan ɗaya a ɓoye don kare sunanta, ta raba cutar ne zuwa garuruwa goma.

Abin da muke roƙo bai da tsada. Shugaban ɗakin kwana ya riƙa rubuta wanda ya kwanta da abin da ke damunsa. Malamin aji, in ya ga fashi ya yi yawa, ya tambayi dalili kafin ya ɗauko bulala. A manna lambar jami'in sa ido na ƙaramar hukuma a allon sanarwa, kusa da jadawalin jarrabawa, tare da lambar NCDC, wato 6232, wadda kiranta kyauta ne.