Baba, Allah Ya San Duna Ya Mutu?

Karatu: 2 Sama'ila 12:1-7, Matiyu 10:29-31

 Yau labarin gidana zan ba ku, kuma ni ne mai laifi a cikinsa.

Shekara shida muna da kare baƙi wuluk, yara suka sa masa suna Duna. Kun san kare a Gozaki ba kayan ado ba ne. Shi ke raka yara gona, shi ke korar awaki daga shanyar masara, kuma a shekarun nan da dare ya zama abin fargaba a yankinmu, haushinsa ke gaya mana ko mu koma barci ko mu tashi zaune. Amma a wurin autarmu, 'yar shekara bakwai, Duna aboki ne. Rabin ɗumamenta na safe shi ke cinyewa.

Da kakar bara, bayan mun shigar da masara da waken suya ɗakin ajiya, ɓeraye suka addabe mu. Na sayo maganin ɓera a Malumfashi, na gauraya da busasshen kifi, na ajiye bayan buhuna. Maman yara ta ce, "Baban yara, a rufe ƙofar nan fa." Na ce to. Sai aka kira ni duba wani mara lafiya, na fita a gaggauce, na bar ƙofa a buɗe. Washegari muka tarar da Duna kwance yana amai. Muka ɗura masa manja, na buga wa malamin dabbobi waya, amma kafin ya iso Duna ya mutu.

Yarinya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Kun san abin da na ce mata? "Haba, kare ne fa! Za mu samo wani." Ni da na yi shekaru a makarantar tauhidi, ni da na sha tsayawa a bakin kabari ina ta'azantar da mutane, na kasa ta'azantar da 'yata. Gaskiyar magana, so nake ta yi shiru domin kukanta yana tuhumata. Da yamma yayanta ya haƙa rami a gindin darbejiya, suka binne shi. Wani maƙwabci ya leƙo yana dariya, "Fasto, yau jana'izar kare ake yi?" Ni ma na taya shi dariya, don kunya.

Daren nan barci ya gagare ni. Na buɗe labarin da annabi Natan ya ba Dauda, na matalaucin nan mai 'yar tunkiya ɗaya tak, wadda ke ci daga abincinsa, tana sha daga ƙoƙonsa, ta zama masa kamar 'ya. Na san zancen Uriya ne a ƙarƙashin labarin, amma ku lura: da Allah ya so ya nuna wa sarki nauyin zunubinsa, ƙaunar talaka ga dabbarsa ya ɗauko, bai kuwa mai da ita abin dariya ba. Da na kai inda Natan ya nuna Dauda da yatsa, sai na ji yatsar a kaina.

Da safe na kira ta. Na ce, "Mamana, ni na bar ƙofa a buɗe. Kuma abin da na faɗa miki jiya bai kyautu ba. Ki gafarta mini." Ta yi shiru, can ta ce, "Baba, Allah ya san Duna ya mutu?"

Na ce ya sani. Yesu ya koya mana cewa ko gwara, tsuntsu mafi araha a kasuwa, ba ta faɗuwa ƙasa ba da sanin Ubanmu ba. Alkawarin bakan gizo a Farawa 9 ya haɗa da kowace halitta mai rai. A ƙarshen littafin Yunana, Allah ya lissafa dabbobin Nineba cikin dalilan tausayinsa. Da ta tambaye ni ko za ta ga Duna a sama, ban yi mata alkawarin da Littafi Mai Tsarki bai yi ba. Na gaya mata abin da Romawa 8 ta koyar, cewa dukan halitta tana nishi tana jiran ranar 'yanci, kuma Allahn da ya yi Duna ya fi mu ƙaunar aikin hannunsa. Muka je gindin darbejiya, muka gode wa Allah don shekaru shidan nan.

Matasa, da yawanku kuna da ƙanne, wasunku kuna koyarwa a makarantar Lahadi. In yaro yana kuka kan kare, ko kyanwa, ko akuyar da aka sayar don kuɗin makaranta, kada ku raina hawayensa. Sau da yawa wannan ce haɗuwarsa ta farko da rashi, kuma yadda kuka karɓe shi ranar, haka zai zaci Allah yake karɓar masu makoki. In da laifinku a ciki, ku faɗa. Girma ba ya zubewa don an nemi gafarar yaro. Sannan ku kulle ɗakin da kuka sa guba. Har yau jikina yana rawa in na tuna cewa yara ma suna shiga ɗakin nan.

Mu yi addu'a: Ya Uba, kai da kake sane da faɗuwar gwara, ka ba mu zuciyar da ba ta raina baƙin cikin ƙanana, da bakin da ke iya cewa "na yi laifi". Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.