Daga Malanbil zuwa Lome: Masara, Dawa da Shinkafar Jirgi

Ranar da muka shiga kasuwar Malanbil, a arewacin Jamhuriyar Benin, ba mu ji baƙunta ba. Hausa ake yi, da Zabarmanci da Dendi, ga buhunan masara da dawa an jibge su har sun fi tsayin mutum. Kogin Kwara ne kawai ya raba garin da Gaya ta Nijar. Daga nan muka fara tafiyar da ta ratsa da mu Benin da Togo, muna tambayar abu ɗaya duk inda muka yada zango: me ake ci a nan, kuma daga ina ya zo?

Ku buɗe taswira ku duba. Ƙasashen biyu dogaye ne sirara, kai a arewa, ƙafa a bakin teku. Benin ta kusan ninka Togo a faɗin ƙasa, mutanenta sun haura miliyan 13, na Togo kuwa sun ɗan wuce miliyan 8. Kuɗinsu ɗaya ne, sefa. Damina ma kusan iri ɗaya ce: sau ɗaya a arewa kamar tamu, sau biyu a kudu, shi ya sa manomin kudu ke iya girbe masara sau biyu a shekara.

Da muka nufi Kandi sai gonakin auduga suka mamaye hanya. Kada ku ce auduga ba ta da alaƙa da tuwo. Manomi kan shuka masara a gonar da ya yi auduga bara, ta ci ragowar takin da ke ƙasa, ta yi kyau.

Inda muka fi daɗewa shi ne Bukumbe, kan iyakar ƙasashen biyu. Mutanen Batammariba na gina gidajen ƙasa masu bene, dabbobi a ƙasa, rumbuna a saman soro da jinkar ciyawa kamar malafa. A ciki ake adana dawa da gero da acca, nesa da danshi da ɓeraye. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2004 ta ɓangaren Togo, sannan ta haɗa da ɓangaren Benin a 2023. Mun tsallaka zuwa Nadoba ta Togo, muka tarar da rumbu iri ɗaya, tuwo iri ɗaya. Wani abokin tafiyarmu ya ce da ba don tutar da ke ofishin kan iyaka ba, da bai san mun sauya ƙasa ba.

Daga Kara zuwa Sokode har Lome, dawa ta riƙa ja baya, masara na karɓe tukunya. Tuwon masara ne a kudancin Togo suke kira akume, kuma da wuya gida ya kwana bai tuƙa shi ba. Gwamnatin Togo na da hukuma mai suna ANSAT da ke sayen hatsi lokacin kaka ta ajiye, ta fito da shi in farashi ya hau kafin sabon girbi. Dabarar rumbun Batammariba ce, sai dai ta gwamnati. A shekarar da ruwa ya yi kyau, ƙasashen biyu kan noma masarar da za ta ishe su har su sayar wa maƙwabta.

Shinkafa ce ta tona asirin kowa. Ana noma ta a Malanbil da kwarin kogin Ziyo kusa da Lome, amma ba ta isar mutanen birni, dole a shigo da ta Indiya da Tailan. Alkama kuwa ba a maganarta: dogon burodin nan da ake karyawa da shi a Lome da Kwatano, duk alkamar jirgi ce.

A Kwatano ne bambancin ya fito fili. Shekara da shekaru shinkafar da ake saukewa a tashar jiragen ruwan birnin ta fi ƙarfin cikin mutanen Benin nesa ba kusa ba. Yawancinta dafaffiya ce, irin wadda aka fi so a Najeriya, kuma can take nufa, a mota, a babur, a kwalekwale. Togo ba ta haɗa iyaka da Najeriya ba, don haka cinikin bai yi mata katutu haka ba. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a sake buɗewa ba sai Disambar 2020, direbobi da 'yan dako da masu shaguna a Kwatano sun ji jiki, mu kuma a gida buhun shinkafa ya yi tsada. Ku tambayi iyayenku, za su tuna.

Mun fito ta Seme da rana tsaka. Kafin mu hau motar Legas, sai da muka tsaya muka sayi gasasshiyar masara a hannun wata mata, muka biya da ragowar sefar da ke aljihunmu.