Fuloti na 17: Mako Guda a Kan Gonar Kaka

Asabar

Yau mai awo ya kawo zane. Muka shimfiɗa shi a tabarma a zauren Baffa, aka danne gefunansa da wayoyi saboda iskar fanka. Gonar Kaka ce ta bayan titin Baifas, inda muka tashi muna roron gyaɗa, ga ta a takarda an yayyanka kamar alawar madara: fuloti 38, kowanne ƙafa 50 da 75, da layuka uku 'yan sirara. Na duba ko'ina ban ga tsamiyar tsakiyar gona ba. Mai awo ya ɗora yatsa a fuloti na 17, ya ce, "Nan take. Wanda ya saya shi zai sare."

Na ce a ware fuloti huɗu a gindinta, yaran unguwa su samu wurin wasa. Zaure ya yi tsit. Dillalin da zai sayar mana ya murmusa, ya ce, "Malam, fili a Hotoro ai zinare ne. Wa ka ga ya zubar da zinare don a buga ƙwallo a kai?" Baffa ya ce kowa ya je ya kwana da maganar.

Lahadi

Bayan la'asar na taka da ƙafa daga Tsamiyar Boka har gadar da Buhari ya buɗe a 2023 a wajen dafon NNPC. Abin da nake nema ɗaya ne, inda yara ke wasa. A wani layi na tarar da su sun kafa duwatsu biyu a tsakiyar kwalta. Adaidaita Sahu na ɓullowa sai a ji "mota!", kowa ya dare, wani ya rungume ƙwallo, ta wuce a dawo. Na tsaya na ƙirga: sau tara aka tsayar da wasan kafin a ci ko ɗaya.

Mu a zamaninmu akwai dandali, kuma babu wanda ya ba da shi kyauta, tare da gari ya tashi. Nan 'yan mata ke gaɗa a farin wata, mu muna langa, da kaka a yi kokawa. Da masana'antun Bompai suka cika da ma'aikata, daga baya Sharaɗa da Challawa suka biyo, kowa ya zo neman inda zai sa haƙarƙari. Gonaki suka koma awon igiya. Igiya kuwa ba ta san dandali ba, ba ta san hanyar ruwa ba. Shi ya sa yau in ana biki sai a toshe layi da rumfa, in an yi rasuwa a sallaci gawa a kan titi, in damina ta sauka ruwa ya nemi kududdufin da aka cike ya rasa, ya shigo ɗaki.

Litinin

Na je wajen wani tsohon abokina da ya yi ritaya daga aikin tsara gari. Ya ce tun dokar ƙasa ta 1978 filayen birni amana ne a hannun gwamna, kuma duk mai son yanka gona ta zama unguwa, ƙa'ida ita ce ya kai zanensa hukumar tsara birni, KNUPDA, a duba. Awon gwamnati yakan fitar da wurin makaranta, masallaci, kasuwa, maƙabarta da filin shan iska tun kafin a kafa turke. Ya ɗauko min tsohon tsarin Kano na Trevallion, wanda aka yi wa shekarun 1963 zuwa 1983, takardunsa duk sun yi ja.

Na ce to ashe doka na bayana. Ya girgiza kai. Ya ce ware fili shi ne mai sauƙi, tsare shi ne aiki, domin filin da ba shi da takarda da mai tsaro fuloti ne da mai sayensa bai iso ba tukuna. Ya tuna min filin Idi na Kano: aka yi shaguna a jikinsa, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su a Yunin 2023, kotun tarayya kuma ta ce a biya masu shagunan diyyar naira biliyan 30. In filin Idi bai tsira daga wannan ja-in-ja ba, ina ga gindin tsamiyarmu?

Talata

Matar ƙanena marigayi ta zo da safe. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta, sannan ta ce, "Yaya, filin da ake cewa za a bari, daga rabon wa za a cire?" Yaranta huɗu ne, babban zai zana jarrabawar fita sakandare bana. Bakina ya mutu. Kwana uku ina alheri da dukiyar da ba tawa ni kaɗai ba.

Da dare Yaya Babba ya ƙara da nasa. Ya ce fili ba mai shi, ƙarshensa bola da rana, matattarar shaye-shaye da dare, ya lissafo min wurare uku da na sani. Ban musa ba, gaskiya ya faɗa.

Laraba

Na tsaya da Liman bayan azahar. Ya ce rabon marayu ba a kyauta da shi, ko da sunan lada ne. Amma baligi mai hankali yana iya yin hubusi da nasa, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara, Sayyidina Usman ya yi da rijiyar Ruma. Ya ce ai a Kano har Hukumar Zakka da Hubusi ake da ita tun 2003.

Na ce, "Allah gafarta Malam, hubusi don wasan yara?" Ya yi dariya, ya ce in ƙirga masallatan layinmu. Uku ne, kowanne ana jin kiran sallar ɗan'uwansa. Ya ce mutanenmu hannunsu a sake yake in an ce masallaci, amma inuwar da tsoho zai zauna da filin da za a yi jana'iza su ma sadaka ce mai gudana.

Alhamis

Babu Islamiyya yau, gona ta cika da yara. Na zauna a saiwar tsamiya da zanen a cinyata, sai idona ya faɗa kan layukan nan uku. Sun cinye fili fiye da fuloti huɗu, amma ko mutum ɗaya bai tambayi daga rabon wa aka cire su ba. Kowa ya yarda unguwa ba ta yiwuwa sai da hanya, don haka tun daga sama aka fitar da ita, sannan aka raba saura. Da dandali ma haka yake, da doka ta tsaya tsayin daka a kan kowane zane, na kamfani ko na magada, da uwar marayu ba ta ji an zalunce ta ba, ni kuma ban zama mai roƙo a zauren Baffa ba. Mai yanka gona jama'a yake tarawa don ya ci riba, to wurin da jama'ar za su sha iska yana cikin kuɗin sana'arsa.

A gida uwargida ta tuna min cewa fulotina ɗaya na ce na babban ɗanmu ne in zai yi aure. Muka yi shiru mu biyu har aka kira isha'i.

Juma'a

An taru bayan saukowa daga masallaci. Huɗu ba ta samu ba, biyu aka samu: ni na ba da ɗaya, Baffa da Gwaggo suka haɗa ɗaya. Rabon marayu yana nan cif. Dillali ma ya sauko, don ya gano cewa fulotan da ke kallon filin sai sun fi sauran tsada.

Aka rubuta sharuɗɗa. Mai unguwa da dagaci za su sa hannu, a kai takarda hukumar hubusi, a kai zane KNUPDA da filin a jiki. Za a dasa darbejiya a kewaye, a sa fitilar sola, kuma na ce Yaya Babba ne shugaban masu kula, tunda shi ya fi kowa tsoron bola. Ba shago, ba katanga.

Asabar

Mai awo ya zare turakun fuloti na 17 da na 18. Filin bai isa ƙwallon manya ba, sai dai biyar-biyar, amma tsamiya na tsaye. Ina shirin tafiya wani saurayi ya tare ni, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Baba, ko za a ba ni hayar ɗan gefen nan in ajiye kwantenar cajin waya? Ba za ta tare komai ba."

Kwana ɗaya ke nan da rubuta takarda.