Ta Yi Sauka, Ta Gama Sakandare, Amma Ta Iya Haɗa Ruwan Gishiri Da Sukari?

Kafin ki yi nisa a wannan shafi, ina so ki ɗan yi mini lissafi da yatsun hannunki: awa nawa 'yarki budurwa take yi a gabanki a rana idonta biyu? Ƙarfe bakwai da rabi ta fita boko, sai biyu ta gota take dawowa. Ta ci abinci a tsaitsaye, ta yi sallah, ta zura hijabi, ƙarfe huɗu ta yi mata a wajenmu a Islamiyya, mu kuma ba ma sakinta sai dab da magariba. Bayan isha'i ga aikin gida na boko, ga haddar da za ta biya gobe. Asabar da Lahadi akwai tahfiz tun da safe, in kuwa tana ajin ƙarshe ga lesin na WAEC da JAMB. Ta makarantar kwana ba a ma maganarta, sai hutu. To a wane lokaci ake sa ran ta koyi zaman duniya?

Mu da muka tashi a babban gida ba wanda ya zaunar da mu ya ce yau darasin raino za a yi. Kin ga matar baffa ta haihu, kin ɗebo ruwan wankan jego, kin goyi ƙanne uku kafin ki kai shekara sha biyu, kaka ta aike ki kai zubin adashe kin ji yadda ake rigima a kan kwasa. Yau da yawanmu daga mu sai maigida sai yara, ɗaki biyu da falo, an ja get an rufe. Malaman da ke cikin gida sun ragu, lokacin yarinya kuma makaranta ta kwashe. Shi ya sa nake ganin tunda mu malamai muka karɓe ranar yaran nan, akwai wani kaso na koyon rayuwa da ya hau kanmu, ko mun so ko mun ƙi.

Na san abin da za ki ce, don iyayen ɗalibaina sun sha faɗa mini: "Malama, ku dai ku koya musu karatu, tuwo da miya nawa ne." Wallahi a kan tuwo da miya ina bayanki. Ba makarantar da za ta koya wa yarinya yadda ake kaɗa miyar kuka ba gudaji, ko yadda ake gane talge ya nuna, kamar madafin uwarta. Mun yi darasin tattalin gida a ƙaramar sakandare, na kuma tuna yadda aka yi shi. A allo muka toya kek, a allo muka yanka riga, muka kwafe a littafi, muka ci jarrabawa, ba mu taɓa fulawa ko almakashi ba. Kuma ba yau gwamnati ta fara wannan tunani ba. Tun 1982 da aka fara tsarin 6-3-3-4 aka ce kowane yaro zai fita da sana'a a hannu, aka shigo da injunan koyon kafinta da ƙira daga ƙasashen waje, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu malamin da ya san kansu. A 2011 aka sa sana'o'i sama da talatin a manhajar babbar sakandare. A 2025 aka sake rage su zuwa shida, ciki har da ɗinki da kiwo da haɗa sola da gyaran waya. Ina yi musu fatan alheri. Amma sana'a daban, abin da ke damuna daban.

Abin da ke damuna shi ne irin ilimin da ita kanta uwar ba lallai ne an koya mata ba, ko kuma an koya mata shi a karkace, kuma rashinsa yana iya cin rai ko ya cinye dukiya.

Akwai wata ɗalibata, ba zan faɗi sunanta ba, tana cikin mafi kaifin ƙwaƙwalwa da suka ratsa ajina. Ta haddace izu sittin, ta fita da sakamako mai kyau a boko, aka yi mata aure. Ɗanta na fari yana wata takwas gudawa ta kama shi. Ta aika kemis aka sayo mata gishirin ORS, wanda shi ne daidai. Sai ta juye ledar gaba ɗaya a ɗan ƙaramin kofi, a tunaninta in ya yi kauri zai fi saurin aiki, ta yi ta ɗura masa. Kafin asuba yaro ya galabaita, sai asibiti. Allah Ya kiyaye, ya tashi. Da ta zo gaishe ni take ba ni labari tana hawaye, wai likita ya ce gishirin ne ya yi wa jikinsa yawa, maimakon ya mayar masa da ruwa sai ya ƙara busar da shi. Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce, ba kuma sakarya ba. Shekara goma sha biyu tana zaune a aji safe da yamma, ba wanda ya taɓa ɗaukar leda ɗaya ya nuna mata.

Alhali abin bai fi minti goma ba. Yawancin ledar ORS a ruwa lita ɗaya ake narka ta, wato fiya wata guda biyu, kuma yana rubuce a jikinta. In babu ta a kusa, ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Ana haɗa masa da ƙwayar zink ta kwana goma zuwa sha huɗu. In ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, ko ya kasa sha, to maganar gida ta ƙare, sai asibiti.

Irinsu suna da yawa, 'yar'uwa, kuma na tabbata wasu za ki ji sun saɓa da abin da kika taso kika gani. Ruwan zafi ya zubo wa yaro, mu ƙwai muke fasawa, ko man goge baki, ko manja. Abin da ake so shi ne a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har kamar minti ashirin. Yaro ya sha kalanzir da aka zuba a gorar lemo, sai a ɗura masa manja a sa masa yatsa a maƙogwaro, alhali aman ne ke tura kalanzirin cikin huhu. Yaro yana jijjiga, a cusa masa cokali a baki har haƙori ya fita, wasu ma su kara ƙafarsa a wuta, maimakon a kwantar da shi ta gefe a kawar da abin da zai buge shi. An shiga kicin an ji warin gas, hannu ya tafi kan makunnin fitila. An shigo da janareta cikin soro ko baranda an rufe don tsoron ɓarayi, hayaƙin da ba ya wari ba ya launi ya bi mutane har kan gado. Sau nawa muka ji a rediyo an wayi gari gida guda ba wanda ya tashi? Uwar da ta gaji fasa ƙwai a kan ƙuna daga tata uwar, shi za ta koya wa 'yarta, da zuciya ɗaya kuwa. A nan ne makaranta take da abin cewa.

Sai maganar kuɗi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take: a sa lokacin biya, a rubuta, a kafa shaidu. Yaranmu suna karanta ta da tajwidi mai daɗi, ba sa tuntuɓe ko a wasali ɗaya. Ranar da na ce kowacce ta yago takarda ta rubuta mini cewa ta ranta wa ƙawarta naira dubu biyar, sai aji ya yi tsit. Wata ta manta kwanan wata, wata ba ta sa ranar biya ba, kusan duka ba su bar gurbin shaidu ba. Waɗannan su ne gobe za su karɓi atamfa bashi a hannun dillaliya, su shiga adashe uku a lokaci ɗaya, wata ma ta zama uwar adashe tana riƙe kuɗin mata ashirin a ka. Zumunci nawa ne ya mutu a unguwarku a kan "na ba ki" da "ba ki ba ni ba"? Yanzu kuma ga waya ta shigo. Wani ya kira ya ce daga banki yake, an rufe asusunki, ki karanto lambar da aka turo miki yanzu. Yarinyar da aka taɓa gaya wa cewa banki ba ya tambayar lambar sirri za ta kashe wayarta. Wadda ba a gaya wa ba, kuɗin gadonta ne zai tafi. Mun ga yadda MMM ta rufe da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, mun ga CBEX a 2025, kuma duk lissafi ɗaya ne: wace kasuwa ce ta halal take ninka kuɗi a wata guda kina kwance a ɗaki?

Wasu daga cikin abokan aikina suna ganin wannan duk aikin boko ne. Suna cewa awa biyu kacal muke da ita, ga Ƙur'ani, ga hadisi, ga fiƙihu, ga Larabci, kada a mayar da Islamiyya asibiti ko banki. Maganar lokaci gaskiya ce. Amma ban yarda cewa abin baƙo ne a wajenmu ba. Tun a shafukan farko na Ahalari muke koya wa yara cewa baligi ba ya shiga wani aiki sai ya san hukuncin Allah a kansa. Sayyidina Umar ya hana wanda bai san fiƙihun ciniki ba yin saye da sayarwa a kasuwar Madina. Shifa'u 'yar Abdullahi ta koya wa Uwar Muminai Hafsa rubutu, Manzon Allah (SAW) kuma ya ce ta ƙara mata da ruƙiyyar wani ciwon fata. Rufaida tana da tanti a masallaci inda take jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. A nan gida ma, jajis ɗin da Nana Asma'u ta riƙa turawa ƙauyuka a ƙarni na 19 ba karatun sallah kaɗai suka kai wa mata ba, har da wankan gawa da sasanta rigimar cikin gida. Ni dai abin da nake yi, minti ashirin na ƙarshen ranar Laraba na ware. Abin da ya shafi lafiya ba na yin gaban kaina, akwai ma'aikaciyar jinya a cikin iyayen yara, ita nake roƙa ta zo, ta zo da leda da cokali da sirinjin awon magani, kowace yarinya ta taɓa da hannunta.

Akwai wani tsoro da iyaye ke da shi wanda ba zan raina ba. Da an ce "koyar da dabarun rayuwa" sai gaban wasu ya faɗi, su tuna rigimar da aka yi a farkon shekarun 2000 a kan manhajar ilimin jima'i, wadda sai da aka sauya mata suna aka rage abin da ke ciki saboda ƙorafin iyaye da malaman addini. Haƙƙinki ne ki san me za a gaya wa 'yarki, wa zai gaya mata, da kuma wane harshe. Sai dai mu a Islamiyya mun daɗe muna karantar da babin haila da biƙi da janaba, mace ga mata, cikin kunya da ladabi, ba a taɓa cewa mun lalata kowa ba. Yarinyar da na koya wa cewa mafi tsawon haila a mazhabarmu kwana goma sha biyar ne, me zai hana a ƙara mata da cewa jinin da ya zarce haka ba maganar wanka da sallah kaɗai ba ce, yana buƙatar ganin likita? Me zai hana ta san cewa mai ciki in ta ga jini, ko fuska da hannu suka kumbura, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ba a jira gari ya waye?

Wannan na ƙarshen ma samari sun fi buƙatarsa, kuma a nan ne nake ganin mu iyaye mata muna da son kai. Mun ɗora komai a kan 'ya mace, namiji kuwa ko maɓallin rigarsa ya cire sai ya miƙo wa ƙanwarsa. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida, yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. Bar ma ta ɗinki. A gidajenmu da yawa mace ba ta fita asibiti sai da izinin miji, kuɗin mota a aljihunsa yake, in an ce a kawo jini shi ake kallo. In shi bai san cewa kumburin nan da ciwon kan nan alamar jijjigar masu ciki ba ce, zai ce ta sha fanadol ta kwanta, da safe a gani. Yaron da ke aji biyar na sakandare yau, shekara bakwai ko takwas ne tsakaninsa da wannan dare. Shi ke tayar da janareta, shi ke ɗauko tukunyar gas daga wajen ɗuri, shi ne kuma ba a kira in ana irin wannan darasi.

Don haka in an kira taron iyaye da malamai a zangon nan, na boko ko na Islamiyya, kada ki bar wa maigida shi kaɗai, kada kuma a tashi a kan kuɗin makaranta da yunifom kawai. Ki ɗaga hannu ki tambaya ko akwai rana ɗaya a mako da za a ware wa irin wannan, a ajin mata da na maza. In aka ce babu kayan aiki, fiya wata biyu ne da cokali da takarda. In aka ce babu malami, ki waiga cikin iyayen da ke zaune, da wuya a rasa nas ko ungozoma ko ma'aikaciyar banki a cikinsu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.