Makulli A Cikin Akwati

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ɗan ba ku labarin wani abu da muka tarar a ƙungiyarmu ta masu sha'awar kwamfuta, ko da yake na san wasunku 'yan zaman ɗaki suke ce da mu.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke jan ragamarta. Yawancin mutane a shirye suke samunta, kamar riga ɗinkakkiya a kasuwa. Amma akwai wani littafi mai suna Linux From Scratch, wanda Gerard Beekmans ya fara fitarwa a 1999, da ke koya wa mutum yadda zai ɗinka tasa da hannunsa, guntu bayan guntu. Shi muka bi a zangon da ya wuce, a kan wata tsohuwar kwamfuta da aka ba makaranta kyauta. Mun kwashe makonni, don wutar janareto ba ta wuce awa biyu da dare. Ran da ta tashi kuwa, ba hoto, ba linzami, sai allo baƙi ƙirin da fararen haruffa suna jiran umarni.

To, a nan gizo ke saƙa. Wannan shi ne lokacin da mutum ya fi bukatar bayani, alhali kuwa bayanin mataki na gaba da aka kawo mana na PDF ne, watau siffar da kamfanin Adobe ya fito da ita a 1993. Buɗe PDF sai da wata manhaja wadda ba mu kai ga ginawa ba, kuma yadda ake gina ta yana cikin PDF ɗin nan. Ka ga an kulle akwati ke nan, makulli na ciki. Intanet kuwa babu shi a ɗakinmu.

Abin da ya cece mu ya girmi iyayen wasunmu. A 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, suka rubuta littafin bayanin Unix, kowane umarni da shafinsa. Har yau in ka rubuta man, sa'an nan sunan umarni, sai irin shafin nan ya fito a baƙin allo, tsurar rubutu. Tsarinsu kusan ɗaya ne: sunan umarnin, yadda ake kiransa, aikinsa, kana a wasu har da sashen da ake faɗin kurakuran da aka san yana da su. Wannan sashe ya burge ni ƙwarai. Ban taɓa ganin littafin karatunmu da ya keɓe wuri don faɗin aibinsa ba. Sai dai shafukan suna da rowar misalai, wasu kuma na mutanen GNU in ka kai ƙarshe sai su tura ka wani tsari dabam mai suna info, wanda ke da nasa maɓallan. Watau sai ka koyi yadda ake karanta bayani kafin ka karanta bayanin. Ni dai ban ga amfanin raba kai biyu ba.

Da na je hutu na kai wa ɗan kawuna labari. Shi makaho ne, amma ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, kuma wayarsa ce ke karanta masa saƙo da murya. Ya ce wahalar da muka sha mako guda ita yake sha kullum. In aka ɗauki hoton shafin littafi aka mai da shi PDF, muryar ba ta ganin harafi ko ɗaya, sai ta yi tsit. Tsurar rubutu kuwa, ko a baƙin allon Linux akwai Speakup mai karanta shi layi-layi, akwai kuma BRLTTY mai aika shi ga na'urar rubutun makafi a shafa da yatsa. Amma ya ja kunnena. In an yi zane da 'yan layuka da alamomi, muryar za ta yi ta lissafa su ɗaya-ɗaya har kai ya yi ciwo. In kuma jan launi kaɗai ya nuna umarnin da zai share wa mutum aikinsa duka, shi bai ji gargaɗin ba.

Da muka komo makaranta muka ce bari mu juya shafi ɗaya zuwa Hausa saboda 'yan aji ɗaya. Ajiye haruffanmu ba wuya, gama tsarin UTF-8, wanda Thompson ɗin nan da Rob Pike suka ƙago a 1992, yana ɗauke da su. Nuna su ne aiki. Baƙin allo ba ya riƙe siffar harafi fiye da 512 a lokaci guda, kuma a cikin waɗanda muka tarar babu masu lanƙwasa. Malam ya ce kada mu kuskura mu cire lanƙwasar, don a littafin bayani "kare" da "ƙare" ba abu ɗaya suke sa mutum ya yi ba. Saboda haka yanzu da kanmu muke zana su, ɗigo 8 a kwance, 16 a tsaye. Mun gama ƙ da ɗ, saura ɓ da manyansu uku. Duk mai hannun zane a cikinku ya same mu ran Asabar bayan sallar La'asar.