Linjila a gonar gero

Tun shekarar 1927, lokacin da ƴan mishan na SIM suka kafa tasharsu a Tsibirin Gobir, cikin gundumar Gidan Rumji ta yau, da Hausa Kiristocin ƙasar Maraɗi suke jin wa'azi. Cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta fito a 1932, aikin masu fassara a Nijeriya, cikinsu har da Dokta Walter Miller na Zariya. Daga baya makarantar Baibul ta Agye ta yaye fastoci da masu bishara, akasarinsu ƴaƴan manoma. Kalmomin littafin sun shigo Hausa, amma gonakin da ke cikinsa na Falasɗinu ne, kuma a nan aikin mai fashin baƙi yake farawa.

A dubi misalin mai shuka, a sura ta 4 ta Markus, inda iri ya faɗa a hanya, da kan duwatsu, da cikin ƙaya, da ƙasa mai kyau. Manomin Gazawa yakan sara rami da sungumi, ya ƙirga ƙwayoyi da yatsu, ya rufe da diddige. A idonsa, wanda irinsa ya zube a hanya mai ɓarna ne. Sai an gaya masa cewa a can yafa alkama ake yi da hannu, sannan zai bar zargin mai shuka, ya koma ga abin da misalin yake nufi: magana ɗaya ce ake yi wa kowa, zukatan da ke karɓarta ne suka bambanta.

Misalin ciyawa cikin alkama, a sura ta 13 ta Matiyu, ya fi wannan wuya. Mai gona ya hana barorinsa tuge ciyawar, ya ce a bar ta sai lokacin girbi. Wanda ya sha fama da ƙuduji zai girgiza kai, domin ya san barinsa cikin gona kashe hatsi ne. Amma ciyawar misalin zawan ce, wadda ba a rarrabe ta da alkama sai ta fidda kai. Ƴar'uwarta a ƙasar nan ita ce shibra, mai kama da gero tun tana ƙarama, har takan ruɗi tsohon manomi. Da an ambaci shibra, mai sauraro ya gane dalilin hanin: mai gaggawar tugewa zai haɗa da geron kirki.

Sai dai kwatance yana da iyaka. Zawan cuta take yi, ita kuwa shibra talaka yakan yanke ta ya kashe yunwar bazara da damina kafin gero ya nuna. Saboda haka mai wa'azi mai hankali yakan ɗauki kamanni kaɗai, ya ajiye sauran. In ya wuce nan, gonarsa ce yake karanta wa jama'a, ba littafin ba.

Wannan ba gardamar masana ba ce kurum. Matiyu da kansa ya bayyana cewa gonar duniya ce, masu girbin kuwa mala'iku. A ƙauyukan Agye da Gidan Rumji, inda Kirista kaɗan ne, kuma sau da yawa wa yana masallaci ƙane yana majami'a, suna noma gandu ɗaya, fassarar ayar tana shiga har cikin gida. Wanda ya ji ta da kunnen ƙuduji zai fara neman wanda za a tuge. Wanda ya ji ta da kunnen shibra zai san idonsa bai isa rarrabe zukata ba, ya bar hukunci ga Mai gona, ya ci gaba da nomansa kusa da ɗan'uwansa.